Harhaɗa Ɗan Kan Jirgin Ƙasa Na Kwaikwayo, Da Abin Da Ya Koya Mana

A zangon karatun da ya wuce, mu shida daga cikin 'yan ƙungiyar aikin hannu muka ɗauki alkawarin harhaɗa ɗan kan jirgin ƙasa na kwaikwayo, irin mai tururi, domin mu nuna wa yaran makarantar da mu ke koyon koyarwa a cikinta. Malaminmu na aikin hannu shi ya zo da kayan daga Ingila, cikin wani ɗan akwati wanda bai fi tafin hannu biyu ba. Da muka buɗe muka ga gutsattsarin ƙarfe birjik, sai muka yi ta dariya, muna cewa ai wannan aikin yamma ɗaya ne. Ashe mako tara za mu yi muna fama da shi. Tun da ya ke mun sha wahala, mun kuma ƙaru, mun ga ya kamata mu rubuta wa 'yan'uwanmu ɗalibai abin da muka koya, ko wani ya tsira daga ramin da muka faɗa.

Kafin mu fara, ga wata 'yar yarjejeniya. Hausawa su kan ce ƙafar jirgi, su kan kuma ce ƙafa ga awon inci 12. Don kada biyun su rikice mana, in mun ce ƙafa, ta awo mu ke nufi. Wadda jirgi ke mirginawa bisanta kuwa za mu riƙa ce mata wili.

Asalin wannan sana'a

Wannan aiki a ƙasar Turai ya tashi, ya kuma yi ƙarfi ƙwarai a Ingila da Jamus. A shekarar 1891 kamfanin Märklin na Jamus ya nuna jiragen wasa a kasuwar baje koli ta Laifzig, waɗanda a ke yi musu wani kamar agogo, ya kuma tsayad da faɗin hanyarsu bisa lamba-lamba, yadda wanda ya sayi kan jirgi bana zai iya sayen tarago baɗi ya hau hanya ɗaya. A Ingila kuwa, W. J. Bassett-Lowke na garin Nosamtan ya shahara tun farkon ƙarni na 20 wajen sayar da jirage waɗanda aka yi su bisa awo daidai, ba don wasan yara kaɗai ba, har da manya masu son sanin inji. Frank Hornby na Libaful, wanda ya ƙago Meccano a 1901, ya fito da jirginsa na wani a 1920, da noti da ƙusa aka ɗaure shi, yaro na iya kwancewa ya mayar. A 1938 kamfaninsa ya fito da ƙanana waɗanda a ke kira Hornby Dublo.

Kayan harhaɗawa irin namu sun yawaita ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Cikin shekarun 1950 aka shiga zuba gutsattsarin da farar dalma. Daga 1959 zuwa 1962 kamfanin Kitmaster ya yi na roba masu araha, daga baya Airfix ya sayi waɗansu daga cikin mazubansa ya ci gaba da bugawa. Cikin shekarun 1970 kuma na tagulla suka bazu, a 1975 kamfanin Aster na Japan ya fara sayar da waɗanda ke tafiya da wuta da ruwa na gaske. Abin mamaki, a Agusta 1968 aka daina jan jiragen gwamnatin Ingila da tururi, amma masu yin na kwaikwayo ba su daina ba har yau.

Yadda babban ke aiki

Ba mai iya kwaikwayon abin da bai sani ba, saboda haka sai mu duba babban tukuna. Kan jirgi mai tururi abu uku ne aka haɗa: murhu, da tukunya, da silinda. A kan zuba kwal a murhu, zafin wuta ya bi ta cikin bututai masu yawa da suka ratsa ruwan tukunya, ruwa ya tafasa. In ruwa ya zama tururi a sarari, ya kan nemi wuri kusan ninki 1,700 na wurin da ya ke ciki dā. Da ya ke an kulle shi cikin tukunya, ba shi da mafita sai ta hanyar da direba ya buɗe masa. Ya shiga silinda, ya tura fistan gaba, bawul ya juya masa hanya, ya komo ya tura shi baya. Sanda ta ɗauki wannan kai da komowa ta kai ga wani ɗan turke da aka kafa a jikin wili, nesa kaɗan da cibiyarsa, wili ya juya. Tururin da ya gama aiki a kan harba shi sama ta bututun hayaƙi, shi kuwa garin fita ya kan jawo iska ta cikin murhu, wuta ta ƙara ruruwa. Watau gwargwadon aikin jirgi, gwargwadon yadda ya ke hura wa kansa wuta, ba ya bukatar ɗan zuga.

Waɗannan dabaru an gan su a haɗe a jikin Rocket, na Robert Stephenson, wanda ya ci gasar Renhil a Oktoba 1829. Bututai 25 na jan ƙarfe ke cikin tukunyarsa. Tun daga ran nan har ƙarshen zamanin tururi, bisa wannan tsari aka yi ta gini.

A kan rarrabe kawunan jirage ta ƙidayar wili, bisa hanyar da F. M. Whyte na Amurka ya shirya a 1900: a ƙidaya ƙananan gaba, sa'an nan manyan da ke ja, kana ƙananan baya. Flying Scotsman, wanda aka ƙera a 1923, 4-6-2 ne. Namu ɗan 0-6-0 ne, wili shida, duka masu ja, irin wanda ke jan taragai cikin tasha, yana ɗauke da ruwansa a tankunan gefe.

Ma'auni

Abin da ya raba jirgin kwaikwayo da jirgin wasa shi ne ma'auni. Kowa ya san ma'aunin taswira, inda inci ɗaya ke tsayawa a madadin mil kaza. To, haka nan ne. A ma'aunin da a ke kira O, milimita 7 ke tsayawa a madadin ƙafa ɗaya. A na HO, wanda Amurka da yawancin ƙasashen Turai ke bi, milimita 3.5 ne, watau an rage babban sau 87. A na OO, wanda mutanen Ingila suka fi so, milimita 4 ne, an rage shi sau 76 da ɗan ɗoriya. Namu na OO ne.

Mu tsaya nan mu yi lissafi, gama a nan hankalin aikin duka ya ke. In milimita 4 ƙafa ɗaya ce, milimita ɗaya inci 3 ke nan. Wanda ya kuskure da rabin milimita, abin da ido da ƙyar ya ke gani, ya kuskure da inci ɗaya da rabi a jikin babban jirgi. Ina maƙerin da za a bar shi ya huda ramin aksul inci ɗaya da rabi daga inda aka ce? Tun ran da malam ya sa muka yi wannan lissafi muka daina cewa, “Ai kaɗan ne.”

Amma fa akwai wata ƙarya a cikin ma'aunin OO, wadda ya wajaba ko wane malami ya san da ita. Faɗin hanyar jirgin Ingila, daga ƙarfe zuwa ƙarfe, ƙafa 4 ne da inci 8 da rabi. In an buga shi da milimita 4, sai a sami milimita 18.83. Hanyar da a ke sayarwa kuwa milimita 16.5 ce. Wannan daidai ta ke ga HO, amma ga OO ta zama ƙafa 4 da inci 1 da rabi, ta gaza da inci 7 cur. Dalili kuwa shi ne, kawunan jiragen Ingila sun fi na Amurka da na sauran Turai ƙanƙanta, injunan farko kuma ba su shiga cikin jikin da aka rage sau 87. Sai masu ƙira suka ƙara girman jiki, suka bar hanya yadda ta ke. Waɗanda abin ya dame su suka ware suka shiga shimfiɗa tasu hanya da hannu: waɗansu milimita 18.2, su ne 'yan EM, waɗansu kuma 18.83 sosai, su ne 'yan P4.

Wanda ke so ya kwaikwayi jiragen tsohuwar hanyar dogo ta ƙasarmu, wadda ta iso Kano a 1911, nasa lissafin dabam ne, gama faɗinta ƙafa 3 ne da inci 6. A ma'aunin milimita 4 sai ta zama milimita 14. Akwai dabara mai sauƙi: in aka rage jirgin sau 64, faɗin hanyar zai zama milimita 16.7, har ya kusa zama ɗaya da hanyar milimita 16.5 ta kanti. Haka masu wannan sana'a ke yi a Niyu Zilan, inda faɗin hanyarsu ya zo ɗaya da namu.

Iri-irin kayan da abin aiki

Kayan harhaɗawa iri uku ne. Na roba shi ya fi sauƙi, da gam a ke liƙa shi, amma yawancinsa na ajiya ne bisa tebur, ba ya tafiya. Na farar dalma, watau kuza da dalma da aka gauraya, yana da nauyi, nauyin kuwa na taimakon wili ya kama hanya, sai dai gutsattsarin su kan zo da kauri, da ɗan tabon mazubi wanda sai an goge. Na tagulla falle ne siriri, an zana siffar ko wane guntu bisansa, an sa ruwan sinadari ya cinye abin da ba a so. Mai aiki shi zai yanke, ya lanƙwasa, ya naɗe tukunya da hannunsa. Shi ya fi kyau, shi ya fi wuya. Namu gauraye ne, jiki na farar dalma, firam na tagulla, da ɗan injin lantarki a ɓoye cikin tukunya, yana shan wuta daga ƙarafan hanya.

Abin aiki ba shi da yawa: ƙananan magagarai, da wuƙa mai kaifi, da filaya, da hantsaki, da rula ta ƙarfe, da sukwaya, da ƙananan allurai na huda, da ƙarfen liƙi, da dalmar liƙi, da ruwan sinadari mai sa ta gudana, da guntun gilashi mai kauri. Gilashin nan kada a raina shi, shi ne alƙalin aikin. A sami faranti mai baki a riƙa aiki a ciki, gama ƙusar da ba ta kai ƙwayar gero ba in ta faɗi ƙasa, sai a kwana nema. A wanke hannu bayan taɓa dalma, kada kuma a ci goro ko wani abu a wurin aiki, gama dalma guba ce.

Kuskurenmu

Takardar da ta zo cikin akwatin ta ce a fara da firam. Mu kuwa da muka dubi firam muka ga falle biyu ne na tagulla da 'yan ramuka, ba abin sha'awa. Jiki shi ke da bututun hayaƙi, da tulluwa, da ɗakin direba. Muka ce bari mu fara da abin da yara za su gani. Kwana huɗu muka tayar da jiki, har da fenti. Garin gaggawa ɗayanmu ya ɗora ƙarfen liƙi mai zafi ƙwarai bisa tulluwar, kafin ya ɗauke hannu rabinta ya narke ya zama ɗigo. Muka cike wurin, muka shafe da fenti, muka yi shiru.

Firam kuwa daren jajibirin ranar nuni muka haɗa shi. Muka cusa wili bisa aksul da ido, muka ɗaura sanduna, muka ga abin ya ɗan cije, muka ce in wuta ta shiga zai sake. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu mun fafe.

Gari ya waye, yara sun fi arba'in sun kewaye tebur, har da malamansu. Aka ba shi wuta. Ɗan jirgin ya yi gurnani, ya matsa kamar rabin inci, ya tsaya cik. Aka ƙara wuta, ya yi rawar jiki, injin ya ɗau zafi, muka ji ƙauri. Wani ƙaramin yaro ya ce, “Malam, ko a tura?” Aji ya fashe da dariya. Ba mu taɓa jin kunya irin ta ran nan ba.

Malam bai yi mana faɗa ba. Da yamma ya kira mu, ya sa aka tafasa ruwa a buta, ya tsoma jikin jirgin a ciki. Muna kallo aikin kwana huɗu ya warware ya zube guntu-guntu, gama dalmar da a ke liƙa farar dalma da ita a digiri 70 ta ke narkewa, ruwa kuwa a digiri 100 ya ke tafasa. Ya tsamo tulluwar nan da muka ɓoye aibinta, ya ajiye ta gabanmu, bai ce kome ba game da ita. Sa'an nan ya ce, “To, yanzu mu fara.”

Yadda ya kamata a yi

Da fari a ƙidaya gutsattsarin duka, a gwada su da takarda, a goge ko wanne, a jera su ba liƙi, a ga yadda su ke zama da juna. Kana a kama firam. A haɗa fallen nan biyu su tsaya daidai wa daida, a zura sanduna miƙaƙƙu cikin ramukan aksul, a duba ta sama a tabbata ba wadda ta karkace. A sa wili, a ɗora bisa gilashi. In duk shida sun taɓa, madalla. In yana rangaji kamar kujera mai gajeriyar ƙafa, firam ya murɗe, sai a kwance a sake. Nisan da ke tsakanin ramukan aksul kuma lalle ya zo ɗaya da nisan da ke tsakanin ramukan sandar da ke haɗa wili, in ba haka ba za su yi ta jayayya har abada.

Sa'an nan a zo ga abin da ya kā da mu. Mun ce ko wane wili yana da ɗan turke inda sanda ke kamawa. Turakun dama da na hagu ba a jere su ke ba, ba kuma a gaba da juna su ke ba. Na gefe ɗaya yana gaban na ɗayan da rubu'in kewaye, watau digiri 90. Dalili kuwa, in fistan ya kai ƙarshen tafiyarsa, sanda ta miƙe sosai da cibiyar wili, ba ta da ikon juya shi ko kaɗan, kamar mai keke wanda fedarsa ta tsaya a can ƙasa. Da a ce gefe biyu za su kai wannan matsayi tare, da jirgin da ya tsaya a haka ba zai tashi ba. Da ya ke an raba su da rubu'i, sa'ad da ɗaya ya rasa ƙarfi, ɗayan yana kan ganiyarsa. Shi ya sa kuma kan jirgi mai silinda biyu ya kan yi fuka huɗu a ko wane juyi na wili, gama ko wace silinda turi biyu ta ke yi.

Ɗan kwaikwayo, ko da lantarki ke jansa, dole ya bi wannan doka. Abin da ya fi muhimmanci ma shi ne aksul uku ɗin nan su zo ɗaya. In biyu suna digiri 90, ɗaya ya ɗan zarce, sanda za ta iske turke ɗaya ya riga 'yan'uwansa, ta cije. Namu na tsakiya ne ya zarce, da abin da bai fi kaurin farce ba. Waɗansu masu ƙira su kan yi bakin aksul mai kusurwa huɗu don wili ya zauna daidai da kansa. In ba irinsa aka samu ba, a yi amfani da ma'aunin da aka yi domin wannan aiki, kada a dogara ga ido.

Ga yadda a ke jarrabawa. Kafin a sa inji, a ɗaura sanduna a aksul biyu kaɗai, a tura da yatsa. In ya tafi sumul, a ƙara na uku. In ya cije, a lura ko a wuri ɗaya ya ke cijewa a ko wane juyi, a nemi sandar da ta ɗaure a wurin, a buɗa raminta kaɗan ƙwarai, a sake gwadawa. Kada a yi ta faɗaɗa ramuka duka don a huta, gama jirgin zai tafi, amma da tangaɗi. In an karkata gilashi kaɗan firam ya gangara da kansa, to, ya isa a sa masa inji. Mako uku muka yi kafin namu ya gangara, ran nan kuwa har tafi muka yi.

Wajen liƙi, dokar ita ce a fara da dalma mai wuyar narkewa, a ƙare da mai sauƙi. Manyan gaɓoɓin tagulla da ta digiri 188, ƙananan da za a ƙara daga baya da ta digiri 145, don kada zafin na biyu ya kwance na farko. Farar dalma kuwa da ta digiri 70, da ƙarfen da aka rage wa zafi. In za a liƙa farar dalma a jikin tagulla, a fara shafa wa tagullar dalma ta kullum tukuna. Wurin liƙi ya zama a goge ya ke tas, gama dalma ba ta kama datti. In an gama a wanke sinadarin sarai, in ba haka ba zai ci fenti ta ƙarƙashi. Fenti shi ne na ƙarshe, shafi siriri sau biyu ko uku, a rufe shi daga ƙura, musamman da hunturu.

Abin da ba ya raguwa

Akwai masu harhaɗa waɗanda ke tafiya da tururi na gaske, yawanci bisa hanya mai faɗin milimita 45, an rage su kamar sau 32, ana hura su da gas, ko sifirit, ko kwal. Wani marubuci da ke sa hannu da LBSC ya shafe shekaru fiye da 40, har rasuwarsa a 1967, yana koya wa talakawan Ingila ƙera irin waɗannan a bayan gidajensu. A nan ne mutum ke gane cewa ana iya rage ƙarfe, amma ba a rage halin ruwa da wuta.

Ga misali. In an rage tsawo sau 32, fatar tukunya ta ragu sau 32 sau 32, watau 1,024, ruwan cikinta kuwa ya ragu sau 32 har uku, watau 32,768. Ashe ko wane ɗigon ruwa na ƙaramar tukunya yana da fatar da zafi ke tsere masa ta cikinta ninki 32 bisa na babbar. Don haka ƙaramar ke saurin hucewa, kamar yadda shayi a finjali ke riga na cikin buta yin sanyi. Ƙanƙantarta kuma ba ta sa ta zama abin wasa ba. Rocket da matsin fam 50 bisa ko wane inci murabba'i ya yi aiki, waɗannan 'yan ƙanana kuwa su kan kai kusan haka. Saboda haka da jan ƙarfe a ke yin tukunyarsu, a liƙe da dalmar azurfa, a jarraba sabuwa da ruwan sanyi a ninki biyu na matsin da za ta yi aiki da shi, kafin a kusantar da ita ga wuta. Kada ɗalibi ya taɓa bawul ɗin tsaro, kada kuma a bar tukunya ta ƙafe bisa wuta.

Wannan lissafi ya shafi namu ma. Kan jirgi mai nauyin tan 100, in an rage shi sau 76 ta tsawo da faɗi da tsayi, sai a raba nauyinsa da 438,976, abin da ya rage bai kai rubu'in kilo ba.

Ranar nuni ta biyu

Da muka koma wurin yara, jirgi ya tashi a hankali, sanduna na hawa da sauka, ya ja taragai uku ya kewaya tebur. Muka ce ai mun fanshi kanmu. Muka rarraba musu rula, muka ce su auna jirgin, su fitar da girman babban. Muka rubuta a allo cewa faɗin hanyar Ingila ƙafa 4 ne da inci 8 da rabi, muka ce su auna tamu su gani. Zancen inci 7 ɗin nan kuwa mun san shi, amma muka ga kada mu rikita yara, ko kuwa, in za mu faɗi gaskiya, kada mu rage wa jirginmu daraja.

Muna zagawa sai muka iske wani yaro ya auna, ya raba da 4, ya sami ƙafa 4 da inci 1 da rabi. Ya dubi allo, ya dubi littafinsa, ya sake aunawa, ya sake samun haka. Sai muka ga ya ɗauki abin sharewa ya goge amsarsa, ya kwafe ta allo. Aka tambaye shi dalili, ya ce, “Malam, ai ni na yi kuskure.”

Wannan ya fi kunyar farko yi mana ciwo. Yaro ya auna daidai, ya yi lissafi daidai, shirunmu ya koya masa ya ƙaryata idonsa. Nan take muka tsai da aji, muka kira shi gaban allo, muka ce ya maido da amsarsa, muka gaya musu shi ke da gaskiya, muka ba su labarin yadda aka yi hanya ta gaza. Ba su rikice ba ko kusa. Darasin ma daga nan ya yi daɗi, har suka shiga neman waɗansu wuraren da ɗan jirgin ya saɓa wa babban, suka gano ba wuta a murhunsa, kwanar hanyarsa kuma ta yi tsanani.

To, 'yan'uwa, gani ya kori ji, gaskiya ne, shi ya sa a ke horonmu mu riƙa kai taswira da hoto da abin kwaikwayo cikin aji. Amma ko wannensu yana da inda ya faɗi gaskiya da inda ya yi rangwame, aikin malami ne ya san iyakar, ya kuma nuna ta. Tulluwar nan da ta narke tana nan bisa tagar ɗakin aikin hannu, malam ya hana a yar.

Tambayoyi domin gwaji

1. Manyan wili na Flying Scotsman ƙafa 6 ne da inci 8 daga baki zuwa baki. Milimita nawa za su zama a ma'aunin OO?

2. Jirgi mai gudun mil 60 a sa'a yana cin ƙafa 88 a daƙiƙa. Milimita nawa ɗan kwaikwayonsa na OO zai ci a daƙiƙa, in ana so gudunsa ya yi kama da na gaske?

3. Ran 3 ga Yuli 1938 Mallard ya yi gudun mil 126 a sa'a, ba kuwa kan jirgi mai tururi da ya wuce shi. A fitar da wannan gudu a ma'aunin OO.

4. Ƙaramar hanyar jirgin da ta tashi daga Zariya zuwa Jos, wadda aka rufe a 1957, faɗinta ƙafa 2 ne da inci 6. Milimita nawa za ta zama a ma'aunin milimita 4, nawa kuma a na milimita 7?

5. Me zai faru in an sa turakun dama da na hagu a gaba da juna, watau digiri 180? A zana hoto a bayyana.

Wanda ya gama ya kawo amsarsa ɗakin aikin hannu ran Laraba da la'asar, jirgin na nan, da rula a gefensa.